Littafi daban, fim daban: wane shafi ne abin yarda kan labarin Zoben Tolkien?

Abbati_Kurna:
Assalamu alaikum 'yan gida. Jiya da daddare na sha kunya a majalisa. Gardama ta haɗa ni da wani abokina kan The Lord of the Rings, labarin Tolkien na tafiyar Frodo don halaka wani mugun Zobe, na kafe cewa Arwen ce ta ɗauki Frodo a kan doki ta tsallake kogi da shi lokacin da baƙaƙen mahayan nan suka biyo su. Ya ce wannan a fim ne kawai. Na zaro waya na nuna masa wani shafi da ya rubuta hakan ɓaro-ɓaro, har da hoto. Bai ce min uffan ba, ya shiga gida ya fito da littafin, wani tsohon kwafi da bangonsa ya rabu biyu an ɗinke da zare. Ya buɗe ya miƙo min. Ashe wani ne wai shi Glorfindel, kuma shi ma bai hau tare da Frodo ba, dokinsa ya ba shi, Frodo shi kaɗai ya tsallake. Ni na biya shayin mutum shida har da wainar ƙwai. To don Allah masana, wane shafi ne mutum zai duba a intanet ya samu bayanin da ba a cakuɗa littafi da fim ba?

Hajjo_92:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara, wa ya ce ka yi musu da mai littafi a hannu? 😂

Malam_Taswira:
Abbati, ba kai kaɗai ba ne. Shafukan masoya labarin nan sun kasu biyu: akwai waɗanda suka taso daga littafi, akwai waɗanda suka taso daga fim ɗin Peter Jackson na 2001 zuwa 2003. Na biyun su ne suka fi yawan hotuna, su ne kuma ke fara fitowa in ka yi bincike. Ni abin da nake fara dubawa shi ne, shin sun faɗi inda suka samo maganar? Je ka Tolkien Gateway. Tun 2005 yake, kuma kusan kowace jimla za ka ga ɗan lamba a gefenta, in ka taɓa ya kai ka ƙasa ya ce maka littafi kaza, babi kaza, ko wasiƙa ta kaza. Abin da fim ya yi kuwa sun ware masa sashe can ƙasan shafi, ba sa haɗa shi da na littafi. Da can ka fara dubawa da kuɗin shayinka na aljihunka. Akwai kuma Encyclopedia of Arda, tsoho ne tun 1997, ba shi da kwalliya ko kaɗan amma bayaninsa gajere ne mai tsabta, kuma ba ya cin data.

ɗan_wada:
Wato dai a duba isnadi kafin a ɗauki riwaya.

Malam_Taswira:
Haka nan ne, ƙanina, ko da yake kada mu kai abin can. Amma tarbiyyar ɗaya ce: wa ya faɗa, a ina ya faɗa.

Ummu_Sadiq:
Ni tambayata ta fi ta Abbati sauƙi. Littafi nawa ne ma? Wani ya ce min uku, wani ya ce shida, ɗana kuma ya ce ɗaya ne.

Malam_Taswira:
Hajiya, duk ukun sun yi gaskiya. Labari ɗaya ne, marubucin ya kasa shi kashi shida, kamfanin da ya buga, George Allen & Unwin, ya fitar da shi a juzu'i uku saboda tsadar takarda bayan yaƙin duniya. Biyu sun fito a 1954, na ukun a 1955. The Hobbit ya riga su, tun 1937. Sauran kuma, irin su The Silmarillion na 1977, ɗansa Christopher ne ya tattara daga takardun uban bayan rasuwarsa a 1973.

Zobe_Ɗaya:
A nan ne ma rikicin yake, wanda ko shafi mai kyau ba zai raba ba. Christopher ya fitar da juzu'i 12 na rubuce-rubucen babansa tsakanin 1983 da 1996, kuma a ciki za ka ga dattijon ya rubuta abu a shekara kaza, bayan shekara ashirin ya sake shi. Asalin dodannin nan Orc ma bai tsaya a kan magana ɗaya ba har ya bar duniya. Saboda haka duk wanda ya zo maka a YouTube da murya mai kauri yana cewa "ga ainihin gaskiyar asalin Orc", ka san neman masu kallo yake.

Sadauki_Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Ni da Faransanci na karanta shi, kuma na sha wata irin wahalar da ku ba ku sani ba. A tsohuwar fassarar, ta farkon shekarun 1970, sunan yaron Frodon Sacquet. Da aka sake fassarawa daga 2014 sai ya koma Frodo Bessac. Na shiga shafukan Turanci ina neman Sacquet, babu shi babu dalilinsa. Sai daga baya na gane Baggins ne. Wanda kuke kira Strider, wato Aragorn, mu Grands-Pas muka san shi.

Hajjo_92:
To me ya sa suke canza sunan mutum? Suna ai suna ne.

Zobe_Ɗaya:
Shi marubucin ne ya ce a yi haka, Anti Hajjo. Da ya ga yadda aka yi da sunayensa a fassarar Holan da ta Suwidin ransa ya ɓaci, sai ya zauna ya rubuta wa masu fassara jagora: wannan suna a fassara ma'anarsa, wancan a bar shi yadda yake. An buga jagorar a 1975. Baggins yana cikin waɗanda ya ce a fassara, a sa kalmar jaka ko buhu a ciki. Shi ya sa Jamusawa suka ce Beutlin, mutanen Sifen suka ce Bolsón.

ɗan_wada:
Shi ke nan, Bilbo Baggins, ɗan uwan Frodo, namu Bilbo Maijaka.

Baban_Nana:
Maijaka ya yi kama da mai tallan gwanjo. Ɗanjaka ya fi.

ɗan_wada:
Ɗanjaka kuma ai sai a ji kamar ɗan jaki, Baba. Ka rufa wa Bilbo asiri.

Ummu_Sadiq:
Ku dai ku bar sunan littafin kansa, kada wani ya ce zai sa Ubangiji a ciki. Sarkin Zobba ya wadatar.

Baban_Nana:
Gaskiyarki Hajiya. Amma ni inda na maƙale shi ne Elf. Yarana suna tambayata, na ce musu aljanu ne, daga baya na ga ba haka ba ne. Suna da jiki, ana ganinsu, suna aure, ana kashe su a yaƙi, tsufa ne kawai ba ya kashe su. Gandalf ma na ce boka ne, sai na karanta cewa shi ba mutum ba ne sam, wata halitta ce da aka aiko cikin siffar tsoho. Dwarf ne kaɗai ya zo da sauƙi, wada.

Malam_Taswira:
Ka bar musu Elf ɗin kawai. Hobbit ma, jinsin su Frodo, ai yawanci ba a fassara shi.

Kwamared_Fim:
Ku yi haƙuri zan shigo da wata fuska. Tun ɗazu ana maganar fim kamar wani laifi ne. Mu nawa ne a gidan nan da littafin ya fara zuwa hannunsu? Ni a faifan CD na fara ganinsa a shagon wani mai gyaran rediyo, hoton na tsalle, wuta na ɗaukewa, mun kwana uku kafin mu gama kashi na biyu. Ba don wannan ba da ban taɓa jin sunan Tolkien ba. Kashi na uku kyautar Oscar 11 ya ci, duk wadda aka sa shi takara sai da ya ɗauke ta, ukun gaba ɗaya 17. Kuma shafukan masoya fim suna da nasu tarihin. TheOneRing.net tun 1999 aka buɗe shi, lokacin da ake shirin ɗaukar fim ɗin a Niyu Zilan. Ɗaya daga cikin masu shafin, 'yar ƙasar ce, ta riƙa bin wuraren ɗauka tana leƙe tana kawo rahoto, har aka ba ta takardar hana shiga. Daga baya masu fim ɗin suka ga gara a jawo su a jiki, suka gayyace ta da kansu. In kana son sanin yadda aka yi fim ɗin, can za ka, ba Tolkien Gateway ba.

Abbati_Kurna:
Yaya Kwamared ban ce fim laifi ne ba. Ni dai shayi na biya.

Kwamared_Fim:
Kuma ka kalli dogon zubin, wanda ukun suka haura awa 11. A ƙarshen kowanne akwai jerin sunaye na minti da yawa, sunayen 'yan ƙungiyar masoya ne da suka yi rajista. Sannan akwai wani Elf da ya bayyana na 'yan daƙiƙu a zaman shawarar gidan Elrond, ko kalma bai furta ba. 'Yan mata a intanet suka ƙyalla ido suka gan shi, suka laƙaba masa suna Figwit, suka buɗe masa shafi. Abin ya yi ƙarfi har Jackson ya dawo da ɗan wasan, Bret McKenzie, a kashi na uku ya ba shi magana.

Zobe_Ɗaya:
To ka ga irinta. Yanzu akwai yaran da za su rantse maka Figwit yana cikin littafi.

Hajjo_92:
Tunda an zo nan, a lissafa mana manyan bambance-bambancen mana, kada mu ma mu biya shayi.

Malam_Taswira:
Ba za su lissafu ba, amma ga waɗanda aka fi faɗawa ramin su. A littafi shekara 17 ce tsakanin walimar Bilbo da fitar Frodo daga gida. Yana da 33 ranar walimar, yana da 50 ya kama hanya. A fim kamar 'yan makonni ne, kuma Elijah Wood yana da 18 aka fara ɗauka. Tom Bombadil, wanda ya sa Zoben a yatsa bai ɓace ba kamar yadda su Frodo ke ɓacewa, babu shi a fim kwata-kwata. Rundunar Elf da ta zo taimako a yaƙin Helm's Deep ƙirƙirar fim ce.

Amma wanda ya fi ci min rai shi ne ƙarshen. A littafi, bayan an gama komai an naɗa sarki, Frodo da abokansa uku sun koma gida sun tarar an lalata garinsu: an sare bishiyoyi, an kafa dokoki, an cika rumbuna da abincin mutane an sa 'yan daba gadi. Mugun bokan nan Saruman ne ya yi musu haka, kuma a ƙofar gidan Frodo bawan Saruman ɗin ya yanka shi. Su da kansu suka tara jama'a suka ƙwato garin, babu Gandalf babu Aragorn. Mutumin da ya rubuta wannan ya je yaƙin Somme a 1916, ya dawo ya tarar abokansa na kusa sun ƙare saura ɗaya. Ya san cewa wanda ya je yaƙi ba ya dawowa ya tarar da gida yadda ya bar shi. Fim ya cire wannan gaba ɗaya, suka dawo gari lafiya lau ana ta shan giya. Sai Faramir, wanda a littafi ya ce ko a bakin hanya ya tsinci Zoben ba zai ɗauka ba, fim ya sa shi ya tasa ƙeyar Frodo zuwa Osgiliath.

Kwamared_Fim:
Malam, da an sa wancan ƙarshen da mutane sun kwana a silima. Ko haka ma cewa aka yi fim ɗin ya ƙi ƙarewa.

Malam_Taswira:
Ban musa ba. Amma an samu wurin yin fim uku da ƙaramin littafi kamar The Hobbit.

Kwamared_Fim:
Wannan kam ba zan kare su ba.

sabon_shiga_07:
Salam. Don Allah wa ke da PDF ya turo min?

Mai_Gida_Admin:
Ba a raba shi a nan, ƙanina. Haƙƙin mallakarsa na nan daram, a Ingila sai ƙarshen 2043. Ka duba masu sayar da tsofaffin littattafai ko laburaren makarantarku.

Zobe_Ɗaya:
Admin ya tuna min. A 1965 wani kamfani a Amurka, Ace Books, ya buga littafin ba da izini ba, yana ganin doka ta ba shi ƙofa. Tolkien bai je kotu ba. Duk wasiƙar da wani mai karatu ya aiko masa daga Amurka, in zai ba da amsa sai ya ƙara da cewa wancan bugun na sata ne, a gaya wa abokai. Masoya suka tayar da ƙura har kamfanin ya biya shi ya daina bugawa. Babu intanet babu komai, takarda da kan sarki kawai. Ƙungiyar Tolkien Society ta Ingila ma tun 1969 take, Tolkien yana raye.

Binta_Zane:
Ni harsunan ne suka jawo ni. Abbati, in ka taɓa shiga wannan ɓangaren ka yi hattara ninki biyu. Na so in rubuta sunana da rubutun Elf, Tengwar, a jikin riga. Na sauke salon harufan a kwamfuta na buga B-i-n-t-a kai tsaye, ya fito da kyau kamar zanen lalle, na kai aka buga min. Wata biyu ina yawo da ita. Da na sa hoton a wani zaure, wani bawan Allah ya ce min abin da ke ƙirjina tarkacen baƙaƙe ne da ba sa karantuwa, domin maɓallan ba su dace da harufanmu ba. Sai an bi ta manhajar juyawa irin Tecendil. Abin da ya ba ni sha'awa da na koya shi ne wasulan a saman baƙi ake ɗora su, kamar yadda muke yi wa ajami, sai dai shi daga hagu ake farawa. Har yau ban samu yadda zan rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba.

ɗan_wada:
Rigar tana ina yanzu?

Binta_Zane:
Ana goge tagogi da ita.

Zobe_Ɗaya:
Ga harshe, Ardalambion na Helge Fauskanger, ɗan ƙasar Norway, shi ne tsohon gida, har darussan Quenya, ɗaya daga harsunan Elf, ya rubuta kyauta. Eldamo kuma ƙamus ne da ke gaya maka kowace kalma a wace takarda ta fito da kuma wane zamani na rayuwar marubucin. Quenya ya ɗebo ƙamshin harshen Finlan, Sindarin, ɗayan harshen Elf ɗin, na harshen Welsh. Ku sani kuma yawancin Elf ɗin da ake yi a fim wani masanin harshe ne, David Salo, ya harhaɗa daga abin da aka bari, ya cike gurbi da nasa.

Hajjo_92:
Ni rubutun jikin Zoben nake so a zana min a zoben aure.

Malam_Taswira:
Subhanallahi, Hajjo! Harshen Mordor ne fa, ƙasar Sauron babban mugun labarin, maganar ɗaure mutane cikin duhu. Wani masoyi ya taɓa aika wa Tolkien kofin ƙarfe da rubutun a jiki. Ya faɗa a wasiƙa cewa bai taɓa shan komai da shi ba, tokar taba yake zubawa a ciki.

Hajjo_92:
To ai auren ma ɗauri ne 😂

Dr_Gwarzo_Jr:
Akwai abin da ba wanda ya taɓo. Mu baƙaƙen fata ina muke a labarin nan? Mutanen kudu, Harad, masu giwaye, duk a bayan Sauron suke. Shafukan nan da kuke yabo, wasunsu in ka ɗaga maganar sai a yi maka caa.

Zobe_Ɗaya:
Tambaya ce mai nauyi Dokta, kuma ba na jin a share ta. Siffanta mutanen kudu da gabas da ya yi akwai abin dubawa, musamman wani layi kan mutanen Harad mai nisa da ba ya daɗin karantawa. A ɗaya hannun, a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu aka haife shi a 1892, kuma a jawabinsa na barin aiki a Oxford a 1959 ya fito fili ya ce ya tsani wariyar launin fata. A 1938 da wani kamfanin Jamus ya nemi ya tabbatar da tsarkin jininsa kafin a fassara The Hobbit, ya rubuta musu amsa mai zafi. Kuma akwai wurin da Sam ya ga gawar wani sojan Harad, ya tsaya yana tunanin ko mene ne sunansa, ko mugu ne da gaske, ko ƙarya aka yi masa aka rabo shi da gida. A dogon zubin fim an ɗauke wannan tunanin an sa a bakin Faramir.

Dr_Gwarzo_Jr:
Na san wurin. Sakin layi ɗaya ne a shafi sama da dubu. Kuma har littafin ya ƙare ba a faɗi sunan nasa ba.

Zobe_Ɗaya:
Wannan gaskiya ne.

Sadauki_Maraɗi:
Mu koma kan tambayar Abbati. Ba a ambaci taswira ba, alhali mai sunan yana nan. Ni sai da na samu The Atlas of Middle-earth na Karen Wynn Fonstad, na 1981, sannan tafiyar ta zauna min a kai. A intanet kuma akwai LotrProject na wani ɗan Suwidin, Emil Johansson, ya zana salsalar ɗaruruwan mutanen labarin, ka ga yadda Aragorn da Arwen suka haɗa kaka can sama.

Baban_Nana:
Auren zumunci ke nan, ba mu kaɗai ba ne ashe.

Kwamared_Fim:
Kuma Jackson ba shi ne farko ba. Akwai na zane na Ralph Bakshi a 1978, wanda ya tsaya a tsakiyar labari ba a ƙarasa ba. A can ma ba Glorfindel ba ne ya zo, Legolas aka sa. Bawan Allah nan kowa ya tashi fim sai ya ƙwace masa doki. Akwai wanda gidan talabijin na Leningrad ya yi a 1991, aka ɗauka ya ɓata, sai ga shi a YouTube a 2021. Kayan wasan kamar na diramar makarantar firamare, amma su sun sa Tom Bombadil. Sannan masoya da kansu sun yi The Hunt for Gollum a 2009 da kusan fam 3,000, kyauta ake kallo.

sabon_shiga_07:
Ni abin da ban gane ba, me ya sa ba su hau mikiyoyin nan sun je sun jefa Zoben a dutsen tun farko ba?

ɗan_wada:
Innalillahi. An zo wurin.

Mai_Gida_Admin:
Wannan da maganar ko dodon wutan nan Balrog yana da fukafukai, duk wanda ya tayar da su shi zai kwana yana amsawa.

Malam_Taswira:
A bar yaro ya tambaya. Amsa a taƙaice: dabarar duka a ɓoye take, Sauron bai taɓa kawowa a ransa wani zai so halaka Zoben ba, kuma yana da nasa masu tashi a sama. Mikiya ta doso Mordor da rana tsaka ai shela ce. Marubucin da kansa, a wasiƙar da ya rubuta a 1958 yana sukar wani tsarin fim da aka kawo masa, ya yi ƙorafin an mayar da mikiyoyin abin hawa, ya ce shi da gangan ya taƙaita amfani da su. Wasiƙa ta 210 ce, tana cikin littafin wasiƙunsa na 1981.

ɗan_wada:
Balrog kuma yana da fukafukai. Na gani da idona.

Zobe_Ɗaya:
A fim ka gani. A littafi an fara cewa inuwarsa ce ta bazu kamar fukafukai, sai can gaba aka ambaci fukafukan kai tsaye. Kuma in yana da su me ya sa ya faɗa rami?

ɗan_wada:
Jimina ma tana da su.

Abbati_Kurna:
Na gode ƙwarai jama'a, na adana Tolkien Gateway da na Arda ɗin. Yanzun nan na dawo daga majalisa. Na je da shirina, na tambayi mutumin shekarun Aragorn, ya ce ba zai wuce 40 ba. Na ce 87, na nuna masa har da inda aka samo. Ya ce shi bai yarda da waya ba, a kawo littafi. Ya shiga ya ɗauko nasa, muka buɗe baya inda jadawalin shekaru yake, ashe shafukan ƙarshen duk sun zube tun ba yau ba. Mai shayi ya ce shi dai a biya shi. Akwai wanda ke kusa da Kurna mai juzu'i na uku cikakke ya ara min zuwa gobe?

Ummu_Sadiq:
Na ɗana yana nan, amma sai ka ajiye jingina. Wanda ya ari na farko tun azumin bara bai dawo da shi ba.